Yaro ya dawo gida ya ce ya ɓata da abokinsa: me iyaye za su yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon malamanmu da manyanmu na wannan zaure su warware mana wata matsala. Yaro ɗan shekara 7 ko 8 ya dawo daga makaranta ido ya kaɗa ya yi ja, ya ce abokinsa ya ce ba zai ƙara wasa da shi ba, ko ya ƙwace masa fensir, ko an cire shi daga ƙwallo. Iyaye sun kasu uku. Akwai mai cewa "yi haƙuri" ta ci gaba da tsintar shinkafarta, akwai mai cewa "kai me ya hana ka ramawa?", akwai kuma mai zarar mayafi ta nufi gidan su yaron. Ni a ganina duka ukun da gyara. To mene ne daidai? A yi mana dalla-dalla don Allah.

Malama Aji Uku: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Abu na farko, kada a fara bincike yaro yana cikin kuka. Yaron da ke shessheƙa ba ya jin magana, abin da zai faɗa ma rabinsa fushi ne. A karɓi jakarsa, a ba shi ruwa, ya wanke fuska, ya zauna kusa da ke. Minti 10 zuwa 15 sun isa yawanci. In yunwa ce a tare da shi a bari ya ci abinci tukuna, domin faɗan tashi daga makaranta da yawa yunwa da rana ne suke hura shi.

In ya nutsu sai ki ce "faɗa min abin da ya faru." Kada ki ce "me ka yi masa?" don ya ji kin riga kin ɗora masa laifi, kada kuma ki ce "me ya yi maka?" don kin nuna masa laifin na wancan ne. Ki bar shi ya kai ƙarshe ba ki katse shi ba. Daga nan sai tambayar da ta fi kowace amfani: "kafin wannan fa, me ya faru?" Yaro kullum daga inda aka cuce shi yake fara labari. Zai ce "ya ture ni." Kafin nan fa? "Na ɗauki littafinsa." Kafin nan fa? "Ya ce rubutuna kamar tafiyar tsutsa." Sau biyu ko uku za ki koma baya ki iske tushen maganar, kuma sau da yawa shi kansa yaron a nan yake gane nasa kason.

Sai ki maimaita masa a taƙaice, ki kira abin da yake ji da sunansa: "wato ya yi maka dariya a gaban mutane, ka ji kunya, shi ya sa ka ɗauki littafin." Kalmar kunya ko kishi ko jin an ware shi, yaro ba ya da ita sai an ba shi. In ba a ba shi ba komai a wajensa "haushi" ne, haushi kuma hannu yake nema.

Na ƙarshe, kada ki yanke masa abin yi. Ki ce "gobe me kake so ya faru?" sannan "to me za ka iya yi?" Ki bar shi ya kawo hanya biyu ko uku, ko da ta farkon "zan fasa masa baki" ce. Ki ce "in ka yi haka sai me zai biyo baya?" Da bakinsa zai ce za a kai shi ofishin hedimasta. Wadda ya zaɓa mai kyau sai ku gwada ta a tsakar gida, ke ki zama abokin, shi ya faɗi maganarsa. Wannan gwajin shi ake tsallakewa, kuma shi ne aikin. Maganar da yaro bai taɓa furtawa da bakinsa ba, ba za ta fito masa a filin makaranta ba.

Malamin Islamiyya: Allah ya saka da alheri Malama. Ina ƙarfafa maganar komawa baya. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aiki Sayyidina Ali zuwa Yaman ya yi masa wasiyya kada ya yanke hukunci tsakanin mutum biyu sai ya ji ta bakin na biyun kamar yadda ya ji ta na farko. In alƙali babba yana buƙatar wannan, ina ga uwar da zuciyarta ke tafasa don ɗanta ya zo da hawaye? Ba ana cewa yaro maƙaryaci ba ne. Laifi tudu ne, kowa nasa yake takewa ya hango na wani, yaro da babba.

Baban Sadik: Ni dai Malama ban ƙi maganarku ba, amma mu faɗa wa juna gaskiya. Namiji a unguwa in aka doke shi bai rama ba, shi ke nan ya zama jakin kowa. Yau a ƙwace masa ƙwallo, gobe kuɗin tara. Zaman tsakar gida ana "me kake ji" ba zai hana ƙato ya make shi a lungu ba. Ni ina ganin a ce masa kada ka tsokani kowa, amma wanda ya taɓa ka kada ka ƙyale shi.

Anti Mai Ba Da Shawara: Baban Sadik, damuwarka gaskiya ce, kuma yaron da aka koya wa "yi haƙuri" kawai lallai ana maimaita masa. Amma ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Kare kai daban, ramuwa daban. Yaron da aka riƙe ya fizge, ko ya tare duka da hannu, ko ya ture wanda ya danne shi don ya samu hanyar fita, wannan kare kai ne, babu mai hana shi. Ramuwa ita ce an doke ka an wuce, ka bi mutum ka doke shi, ko ka jira gobe a hanya.

Ga abin da ya sa "ka rama" take kayar da yaron. Malami kusan kullum duka na biyu yake gani, don na farkon ne ya ja hankalinsa ya juyo, sai hukunci ya faɗa kan mai ramuwa. Wanda yake cin zali kuma ba ya zaɓar sa'ansa, ƙaramin da ya fi ƙarfi yake zaɓa, to ka tura yaron faɗan da zai sha kashi, kuma yanzu ba zai iya dawowa ya faɗa maka ba don kunyar ya kasa abin da baba ya ce. Na uku, a unguwanninmu faɗa ba ya tsayawa kan biyu. Wannan ya kira yayansa, wancan ya kira abokan yayansa, daga rigimar ƙwallo a wayi gari ana maganar gora da wuƙa.

Abin da ake koya masa a maimakon haka ba rauni ba ne. Ya tsaya ƙafa a ware, kai a sama, ya kalli mutum ido cikin ido, ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji: "Bari! Ba na so." ko "Ajiye min abuna." Kalma uku ko huɗu, ba zagi, ba doguwar magana, ba murmushi. Yara da yawa suna cewa "bari mana" suna dariyar tsoro, sai wancan ya ɗauka wasa ne. A gwada wannan muryar a gida har ta zauna. In an faɗa sau biyu ba a bari ba, ya tafi inda mutane suke, ba lungu ba, ya faɗa wa babba.

Baban Sadik: To ai nan ma matsala ce Anti. Yaron da ke kai ƙara yara sun tsane shi, sai su sa masa suna mai kwarmato.

Malama Aji Uku: Akwai ma'auni mai sauƙi da yaro ɗan aji biyu ma yake ganewa. Ka tambaye shi: wannan ƙarar don a fitar da wani daga wahala ce, ko don a jefa wani cikin wahala? "Wane yana cin gyaɗa a aji" kwarmato ne. "Wane yana dukan wane a bayan banɗaki" taimako ne, kuma dole ne. Jini, makami, taɓa jiki a inda bai kamata ba, ƙwacen kuɗi, barazana: waɗannan biyar ba a gwada warware su da kai, kai tsaye wajen babba. Kuma ba sai a tsakiyar aji ba, yana iya samun malami shi kaɗai bayan an tashi.

Malamin Islamiyya: A kan ramuwa, Baban Sadik, aya ta 40 a Suratus Shura ta ce sakamakon mummuna shi ne mummuna kwatankwacinsa, wanda kuma ya yafe ya gyara ladansa yana wajen Allah. Ka lura da kalmar kwatankwaci. Ɗan shekara 8 cikin fushi bai san awo ba, an mintsine shi zai ɗauki dutse. Hadisin Bukhari da Muslim kuma ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Yara maza suna son a kira su jarumai, to a ba su wannan ma'anar tun da wuri. Sunna ta ba mu abin yi a aikace ma: a nemi tsari daga shaiɗan, mai tsaye ya zauna, a yi shiru. Amma a koya musu lokacin da suke cikin walwala. In ka bari sai yaro ya harzuƙa sannan ka ce "yi a'uzu billahi," ji zai yi kamar kana rufe masa baki.

Hajiya Inna: Ku bar ni in yi magana a kan mai zarar mayafi, don ita ce ta fi ɓarna. Yara su yi faɗa da hantsi, kafin la'asar suna langa tare, iyayensu mata kuma an shiga gabar da za ta kai shekara, ba gaisuwa, ba barka, ba a karɓar tuwon juna. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle 'ya'yan maƙwabta da ke wuni a ƙofar gida ɗaya.

Ba na ce kada a je ba. In an fasa kai, ko abu ya maimaitu sau uku, ko akwai tazarar shekaru, a je. Amma da ladabinsa. Ba a zuwa a ranar da zafinsa sai in rauni ne da ke buƙatar asibiti. Ba a jan yaro a hannu yana kuka a tsaya a tsakar gidan mutane ana nuna shi. Ba a aika yaro da saƙo, "ka ce wa uwarka ta ja maka kunne," wannan wuta ce. Ba a kama ɗan wani a waje a dake shi. Zamanin da ɗa na kowa ne a wannan fuskar ya ja baya, yanzu sai ta kai ku wajen mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Ki bari sai washegari bayan la'asar, ki yi sallama, ki zauna, a gaisa sosai, a tambayi mai gida da yara. Sannan ki ce "Maman wane, yaranmu ne suka samu saɓani jiya, na ji ta bakin nawa, na ce bari in zo mu ji ta bakin naki mu haɗu mu gyara." Kin ji bambancin "yaranmu" da "ɗanki"? Kalma ɗaya ce, amma ita ke buɗe ƙofa ko ta rufe. In kin san matar mai zafi ce, ki tafi da dattijuwar da take jin nauyi, ko maza su yi maganar a ƙofar masallaci bayan salla.

Kuma don Allah kada a zagi abokin a gaban yaro. Ki ce "dama ɗan gidan marasa tarbiyya ne," jibi sun shirya, ya kwashe maganar ya kai masa.

Maman Ilham: Hajiya wannan gaskiya ne wallahi. To ƙanana fa, 'yan shekara 2 da 3 masu cizo da ƙwace? Su ai ba a zauna da su a yi tambayoyi.

Anti Mai Ba Da Shawara: Su nasu daban ne. Yaro kafin wajen shekara 4 bai gama gane cewa wani yana da tunani da buƙata daban da nasa ba, don haka ƙwacen da yake yi ba mugunta ba ce, ba rowa ba ce. Cizo kuma yawanci rashin kalma ne, bakin bai iya faɗa ba sai haƙori ya faɗa. A raba su nan take, a durƙusa daidai tsayinsa, a ce "ba a cizo, cizo da zafi," shi ke nan. A fara kula wanda aka ciza, don mai cizon ya ga cizo ba ya jawo masa hankalin uwa. In fata ta fashe a wanke da sabulu da ruwa mai yawa a nuna wa ma'aikacin lafiya, cizon mutum yana saurin ruruwa. Kada a ce wa wancan "cije shi ya ji," kada uwa ta cije shi da kanta. Koya masa kike yi cewa cizo abu ne da manya ma suke yi.

Maimakon "ku yi wasa tare" da ba su gane ba, a koya musu bi da bi da abin da ake gani. Keke: daga nan zuwa bakin ƙofa a dawo sau biyu, sai a sauka. Lilo: a ƙirga ashirin da ƙarfi. In baƙi za su zo, abin wasa ɗaya ko biyu da yaro ya fi ƙauna a ɓoye tun kafin su iso, sauran a ce na kowa ne yau.

Malama Aji Uku: Daga shekara 5 zuwa 9 kuma kusan duk rigimar ta doka ce: wa zai fara, ƙwallo ta fita ko ba ta fita ba, an taɓa ni ko ba a taɓa ni ba, wane ya yi maguɗi a carafke. Maganinta a yanke doka kafin a fara wasa, ba a tsakiya ba. Ina iyakar fili, ƙwallo nawa ake ci a canja, wa zai tsaya gola da farko kuma bayan ci nawa za a sauya shi. Wanda zai fara a fitar da shi da canki-canka, a ɓoye tsakuwa a hannu ɗaya. In an yi gardamar da ba mai shaida, a sake bugawa. Sai matsalar mai ƙwallo, wanda in an ci shi zai ɗauke abarsa ya tafi gida. In ɗanka ne, ka gaya masa tun a gida: ko ka bar ta a gida, ko in ka fita da ita ta zama ta wasan har a tashi. In ba haka ba yara za su riƙa wasa da ƙwallonsa ba da shi ba, ranar da wani ya sayi tasa kuma ya zama shi kaɗai.

Hajiya Inna: Ku taɓo mana "kai ne babba, yi haƙuri." Mu haka aka tashe mu, kuma ban ga laifinta ba, tana koya wa babba kawaici.

Anti Mai Ba Da Shawara: Hajiya, a gafarce ni, kawaici abu ne mai kyau, amma in kullum ita ce hukunci tana ɓata yara biyu a lokaci ɗaya. Ƙaramin ya gane in ya tsokana ya yi ihu shi ke da nasara, sai ya tafi makaranta da wannan halin inda ba wanda zai ɗaga masa ƙafa. Babban kuma ya gane ba a bin gaskiya a gaban manya, sai ya daina kawo ƙara ya koma mintsini a ɓoye. A fara tabbatar wa mai gaskiya gaskiyarsa: "kai ke da gaskiya, bai kamata ya yaga maka littafi ba." A sa ƙaramin ya gyara daidai ƙarfinsa. Bayan nan in aka roƙi babba ya yafe, yafiya ce ta gaske, don ya san haƙƙinsa ne ya bari.

Hajiya Inna: To in haka ne ban ƙi ba. A faɗi gaskiya tukuna, sannan a nemi kawaicin.

Malamin Islamiyya: Haka ma "ba shi haƙuri" da ake tilastawa nan take. Yaro ya ce "yi haƙuri" yana harara yana murguɗa baki, wancan ya ce "na haƙura" yana ƙwafa, manya su ce an gama. Ba a gama komai ba, an dai koya musu kalmar da ake faɗa don a rabu da manya. Ban haƙuri na gaske yana da gaɓa uku: ya ambaci abin da ya yi da bakinsa, "na karya maka rula", ya gyara, wato ya biya daga kuɗin taransa ko da kwana uku zai ɗauka yana tarawa, ba uwa ta ciro daga jaka ba, sannan ya faɗi abin da zai yi nan gaba, "in ina so zan tambaye ka." Kuma kada a sa "amma" a ciki. "Yi haƙuri amma kai ka fara" sabon faɗa ne.

Maman Ilham: 'Yan mata fa Malam? Su ba duka, sai gaba da zunɗe da habaici. Yarinya 'yar shekara 10 sai ta yi sati ba ta cin abincin kirki don ƙawayenta sun daina yi mata magana.

Malama Aji Uku: Wannan ya fi duka ciwo, kuma malamai ba sa ganinsa don ba ya ƙara. Yawanci ƙawaye uku ne, biyu su haɗe su ware ɗaya, mako mai zuwa a juya. Kuma kusan kullum akwai 'yar aike, mai "wance ta ce kin ce." Tambayar da za a koya wa yarinya ita ce "ni na ji da kunnena?" In ba ta ji ba, ta samu ƙawar ita kaɗai, ba a gaban sauran ba, don a gaban jama'a kowa kare girmanta take yi. Ta ce "an ce min kin ce kaza, na ji ba daɗi, na ce bari in tambaye ki." Ita ma 'yar aiken a koya mata amsa: "in kina da magana da ita ki faɗa mata da kanki." Sannan a gaya wa yarinya tun da wuri cewa sirrin gida da abin da ba za ta so aji su ji ba, ba a ba wa ƙawa, don ranar ɓatawa shi ne makami na farko.

Abin da uwa za ta iya yi da hannunta shi ne faɗaɗa mata ƙawaye. Yarinyar da ke da ƙawa a boko, da wata a Islamiyya, da 'yar uwa a dangi, in ɗaya ta juya mata baya duniya ba ta tashi ba. Wadda ƙawarta ɗaya tak, za ta jure kowane wulaƙanci don kada ta rasa ta.

Malamin Islamiyya: Ga kuma iyakar da shari'a ta sa: bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa sama da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Hikimar da ke ciki ita ce ba a hana fushi ba, an ba shi wa'adi. Don haka kada a tilasta wa yara shiryawa a cikin awa ɗaya. A ce "kina da yau da gobe ki huce, jibi ki yi mata sallama." Sallama ce wajibi, ba komawa aminci kamar da ba. Ƙawar da ke cutar da ita kullum, ana iya gaisawa a wuce. Ayoyi na 11 da 12 a Suratul Hujurat kuma kamar don filin makaranta aka saukar da su: izgili, jifa da munanan laƙabi, zato, bin diddigi, gulma. A karanta musu da fassara, a ce su kawo misalin kowanne daga abin da suke gani.

Baban Sadik: Laƙabi kam ai wasa ne Malam. Mu da muke da wasan taubasai, da na Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi, yanzu kuma sai a ce tsokana laifi ce?

Anti Mai Ba Da Shawara: Wasan taubasai ma da ƙa'idarsa, Baban Sadik: kowa yana da damar mayarwa, kuma duka biyun suna dariya. Ma'aunin kenan. In ɗaya yana dariya ɗaya yana haɗiye kuka, ba wasa ba ne. Kuma akwai abin da ba a wasa da shi ko kaɗan, wato abin da yaro ba zai iya canjawa ba: in'ina, sikila, ƙafa ko ido, launin fata, maraici, talaucin gida, sana'ar uba.

A nan ya kamata a raba saɓani da cin zali, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi aikinsa a Suwidin da Norwe tun shekarun 1970, ya ba da alamomi uku da har yau ake aiki da su: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ƙarfi bai zo ɗaya ba, ko na jiki, ko na yawa, ko na farin jini. Yara biyu tsaran juna da suka yi musu a kan fensir saɓani ne, a bar su su koyi warwarewa. Yara huɗu da suka sa ɗaya a gaba kullum cin zali ne, kuma kuskure ne babba a zaunar da su a ce "ku ba juna haƙuri," don wanda aka zalunta bai yi abin ba da haƙuri ba, kuma a gabansu ba zai iya magana ba.

Yaron da ake ci wa zali sau da yawa ba ya faɗa, jikinsa ne ke faɗa. Ciwon ciki ko ciwon kai da safe ranar makaranta, ranar Asabar lafiya lau. Yana dawowa da yunwa alhali an ba shi kuɗin tara. Riga a yage, littafi ya ɓata sau biyu sau uku, ya canja hanyar da yake bi, fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina. In an ga biyu ko uku daga ciki a tambaya a kaikaice, lokacin da ake wani aiki tare: "da wa ka zauna lokacin tara yau?" ta fi "ana dukanka?" fitar da magana.

In ta tabbata, a rubuta rana da wuri da abin da aka yi. A fara da malamin aji, ba a ƙofar makaranta a tsaye ba, a nemi lokaci. A tambaye shi abu takamaimai: wa ke lura da yara lokacin tara, za a iya canja wurin zama, wa zai sa ido a hanyar banɗaki da lokacin tashi. A ce za a dawo bayan mako biyu, kuma a dawo. In ba canji sai hedimasta. A roƙi malami kada ya ce "wane ya kawo ƙararku," ya ce shi ya lura.

Hajiya Inna: In kuma naka ne mai cin zalin fa? Don kowa a nan yana magana kamar nasa ne ake cuta.

Malama Aji Uku: Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. In aka kawo ƙarar ɗanki, kalmar farko ita ce "na gode da kika faɗa min, zan bincika." Ba "ɗana ba ya haka" ba, ba kuma ki ɗauko bulala a gaban mai ƙara don ki wanke kanki ba. Dukan yaro don ya daki wani darasi ɗaya yake koyarwa, cewa babba yana dukan ƙarami, kuma gobe zai sauke a kan wanda ya kawo ƙarar. A sa shi ya mayar da abin da ya ƙwace da hannunsa, a janye masa fita wasa kwana biyu ko uku, a gaya masa za a riƙa tambayar malami duk Juma'a. Sannan a duba gida: wa ke dukansa, yayye ko manya? Da wa yake yawo? Karatu ya gagare shi ne yake rufe kunya da ƙarfi? Hadisin nan na taimaki ɗan uwanka ko shi ne azzalumi, ai an fassara taimakon da hana shi zaluncin.

Baban Sadik: Na karɓi maganar tsayuwa da ɗaga murya, zan ƙara da cewa a bar yaro ya yi wasan motsa jiki don ya san jikinsa. Saura waya. Manyan yara yanzu faɗansu a WhatsApp yake, habaici a status, a cire mutum daga group, a ɗauki hoton hira a yaɗa.

Anti Mai Ba Da Shawara: Dokar farko, ba a mayar da martani da dare ko cikin fushi, a kwana tukuna. Ta biyu, abin da ya faro a rubuce a ƙarasa shi baki da baki ko a kira, don rubutu ba ya ɗauke da murya, "to shi ke nan" tana iya zama sulhu tana iya zama gaba. Ta uku, duk abin da ka rubuta ka ɗauka ajinku duka za su karanta. In akwai zagi ko barazana ko hoto, a adana shaida kafin a goge ko a toshe lambar. Iyaye kuma kada ƙwace waya ya zama matakin farko idan yaro ya kawo kuka. In ya san faɗa miki yana nufin rasa wayarsa, ba zai sake faɗa ba. Wayar dai ta kwana a ɗakin iyaye, wannan ya zama dokar gida tun kafin a samu matsala.

Maman Ilham: Allah ya saka wa kowa. Tambaya ta ƙarshe: yaro ya yi duk abin da aka koya masa, ya je ya ba da haƙuri, abokin ya ce ba ya so. Sai me?

Malama Aji Uku: A shirya shi da wannan tun kafin ya tafi, a ce masa "zai yiwu bai huce ba." In an ƙi, ya ce "to, in ka huce ina nan," ya tafi ya shiga wani wasan, kada ya tsaya yana roƙo, kada ya ba da biskit ko kuɗin tara don a shirya da shi, in ya fara saye ba zai daina biya ba. Ya ci gaba da sallama kullum da safe. Bayan kwana uku ko huɗu ya gwada sau ɗaya, ba da maganar faɗan ba, da gayyata: "za mu buga ƙwallo, za ka zo?" Ke kuma a wannan satin ki tambayi malamin aji ko da wanda zai haɗa shi aikin rukuni, kuma ki gayyato wani yaron gida ranar Asabar su yi wasa na awa ɗaya ko biyu.